Ƙasusuwan Omoni

Abu ɗaya tsohuwa Hyon Gapsun ta roƙi 'ya'yanta kafin ta rasu, kuma ba sau ɗaya ta faɗa ba balle wani ya ce bai ji ba. Ta ce idan an ƙone gawarta, tunda a Osaka ta ƙasar Japan ba a binne mutum da jikinsa, a kwashe ƙasusuwanta kaf, a kai su tsibirin Jeju na ƙasar Koriya, a kwantar da ita kusa da uwarta a gonar da ke bayan ƙauyensu.

"Gaba ɗayana," in ji ta. "Ko ƙashin ɗan yatsa kada ku bari a share da tsintsiya."

Tana da dalilinta. Tana budurwa ta gudo daga tsibirin a ɓoye cikin jirgin masunta, shekarar da aka yi ta karkashe mutane a can, kuma ta ga gawarwakin da aka tattara hannu daban, kai daban, ba a san na wane ne ba. Mutanenmu na tsibiri sun yarda cewa mamacin da jikinsa ya watse ba ya gane hanyar gida, ko an jera masa abinci ranar tunawa da shi ba zai zo ya ci ba. Tsohuwa ta yi shekara sittin da ɗori a unguwar Ikuno ta Osaka tana ɗinkin takalman roba, tana jin tsoron wannan fiye da mutuwar kanta.

Wadda ta fi kowa jin wannan wasiyya ita ce Haesuk, 'yarta ta tsakiya, don ita ce a gidan. Ita ke wanke tsohuwa, ita ke juya ta a kan shimfiɗa, ita ke tashi da sassafe ta yanka kabeji ta cuɗa shi da barkono da tafarnuwa a rumfarta ta kimci da ke kasuwa, ta dawo da rana ta ba ta kunun shinkafa a baki. Ta haura hamsin, aurenta ya mutu tuntuni, hannayenta sun yi ja sun tsattsage saboda yaji. Duk lokacin da tsohuwa ta sake maganar, sai ta ce, "Na ji, Omoni. Ni zan kai ki da kaina." Omoni ita ce uwa a harshenmu na Koriya.

Maza biyun kuwa, hmm.

Babban, Dusik, malami ne da ya yi ritaya daga makarantar 'yan Koriya, wadda masu goyon bayan Koriya ta Arewa suke riƙe da ita. A katinsa na baƙo har yau "Koriya" kawai aka rubuta, tsohon sunan tun kafin a datse ƙasar gida biyu. Ba shi da fasfon Arewa, ba shi da na Kudu. Ya ce ƙasa ɗaya ya sani, ba zai sa hannu ya zaɓi rabi ba. A kan wannan namiji ne, babu mai musu. Sai dai Jeju a Kudu take, kuma a waɗannan shekarun mai irin katinsa da ƙyar ake ba shi izinin shiga. Ranar da Haesuk ta karɓi fasfon Kudu don ta kai uwarsu ganin gida, ya daina yi mata magana har tsawon shekaru. Ya ce 'yar kasuwa ce, ta sayar da ƙasa don ta samu barkono mai araha.

Autan, Manho, ya daɗe da zama Tomita, sunan Japanawa da ya ɗauka. Ya karɓi takardar zama ɗan Japan, ya auri Bajapaniya, yana dillancin gidaje a garin Nara. In ya zo Ikuno, nesa yake ajiye motarsa ya tako, kuma ba ya karɓar kimcin da yayarsa ke ƙulla masa, wai yana sa firij wari. Dusik na kiransa ɓatacce, shi kuma yana kiran Dusik mai gadin ƙasar da babu ita. Rabon da su zauna a tebur ɗaya lafiya tun mutuwar mahaifinsu.

Tsohuwa ta cika da hantsi, a lokacin kaka. Kafin la'asar an fara rigima, kuma ba a kan komai ba sai allon da za a kafa a ƙofar ɗakin makoki.

"Da harafinmu za a rubuta sunanta," in ji Dusik. "Ta mutu 'yar Koriya."

"Yaya, abokan aikina za su zo," in ji Manho. "Da surukaina. Su karanta me? A sa 'Gidan Tomita', kowa ya gane inda ya dosa."

"Wace ce Tomita? Uwarka ta taɓa amsa wannan suna?"

"Ita dai ba ta iya karanta ko ɗaya ba, naka ko nawa. Me za a fasa?"

"Ji bakinsa. Tafarnuwar da ta raine ka ita ce yau kake toshe wa hanci."

"Kai kuma ƙasar da kake ta kuri da ita, ko kabarin kakarka ba ka iya zuwa."

Aka ƙare da allo biyu, ɗaya a ƙofar gaba, ɗaya a ta gefe. Masu baƙaƙen kwat na Manho suka shiga ta nan suna sunkuyawa a hankali, tsofaffin abokan Dusik suka shiga ta can suna magana da ƙarfi, kowane ɓangare yana satar kallon ɗayan. Haesuk ba ta ga rabin wannan ba. Tana kicin da matan unguwa suna dafa naman alade da miyar ganyen teku, don makoki namu ba a yin sa da ɗan shayi da biskit. Kafin ta shiga kicin ta je ta sayo tulu babba, fari, irin wanda ke ɗaukar mutum duka. Ta san al'adar Osaka: ɗan ƙaramin tulu suke kawowa, su tsinci kaɗan daga nan kaɗan daga can, sauran su bar wa ma'aikata. Ta gaya wa masu shirya jana'izar da bakinta cewa su kam duka za su kwashe.

Da yamma ta fito zubar da ruwan wanke-wanke ta bayan ginin, sai ta ga abin da ya tsayar da ita da bokiti a hannu. Dusik da Manho ne a tsaye a jikin bango, kafaɗa kusa da kafaɗa, suna magana ƙasa-ƙasa. Manho ya ƙyasta ashana ya kare ta da tafin hannu, Dusik ya sunkuyo ya kunna sigarinsa. Idanunta suka ciko. Ta ce a ranta, Omoni, kin gani, sai da kika tafi suka tuna ciki ɗaya suka fito. Kash, baiwar Allah. Har daɗi ta ji.

"Yaya," ta ce, "na sayo tulun. Babba ne, zai ɗauke ta duka. Kun dai tuna abin da ta ce."

Dusik ya busa hayaƙi, bai dube ta ba. "Mun tuna."

"Kada ki damu, Yaya," in ji Manho. "Ki je ki huta, kin sha aiki."

Washegari bayan an ƙone gawar, aka kira iyali zuwa wani ɗan ɗaki mai farin bango. Aka turo faranti na ƙarfe, har yanzu da ɗuminsa, ga tsohuwa a kwance yadda take, fari fat, daga yatsun ƙafa har ƙoƙon kai. Ta ƙanƙance ƙwarai. Ma'aikacin, wani mai farin safar hannu, ya miƙa wa kowa dogayen tsinkaye biyu, ya bayyana cikin ladabi cewa daga ƙafa ake farawa a haura sama, don mamaci ya kasance a tsaye a cikin tulunsa.

Haesuk ta ajiye tulunta a bakin farantin ta buɗe murfin. Dusik, a matsayinsa na babban ɗa, ya ɗauki ƙashin farko ya sa. Manho ya bi. Ita ma ta sa. Yatsun ƙafa, idon sawu, ƙwauri. A gwiwar hagu Haesuk ta gane kumburin nan da ta yi shekaru tana shafa wa man zafi, ta ɗauke shi a hankali kamar zai ji ciwo. Cinya, ƙugu. Tulun ya yi rabi. Zuciyarta ta fara kwanciya.

Suna kaiwa haƙarƙari, sai Manho ya juya ya yi wa matarsa alama. Matar ta buɗe jaka ta fito da ɗan tulu mai zanen furanni, ta ajiye a ɗaya gefen farantin, ta koma baya tana kallon ƙasa.

"Wannan na mene ne?" in ji Haesuk.

"Na sayi wurin kabari a Nara," in ji Manho. "Dutse mai kyau, a kan tudu. Yarana ba su da inda za su je su zuba ruwa su kunna turare kamar sauran yara. Duk shekara abokansu na zuwa kaburburan kakanninsu, su kuma su yi ta tambayata namu ina suke."

"Ka kai su Jeju mana. Kai da fasfonka ko gobe ka shiga."

"Su je su ce su wane ne? Ko gaisuwa ba su iya ba."

"Laifin wa? Yaya, kana jinsa? Ka yi magana."

Dusik ya kau da kai. Ya sunkuya, ya jawo wani ƙunshi daga ƙarƙashin kujera, ya kwance ƙyallen. Tulu ne na uku, na ƙasa, mara ado. A nan Haesuk ta gane abin da aka ƙulla jiya a jikin bango, da sigari da ashana.

"Ƙoƙon kanta a nan zai zauna," in ji Dusik. "A gidan ibadar da ke kan dutsen Ikoma, inda aka ajiye tulun mahaifinmu a kan kantar ajiya. Ranar da ƙasa ta haɗe, ni da kaina zan ɗauke su su biyu in kai su."

"Ranar da ƙasa ta haɗe," Haesuk ta maimaita. "Baba ya yi shekara nawa a kan wannan kanta yana jira? Ƙura ta rufe sunansa. Kai kanka haƙoranka sun zube kana jira."

"Ni ne babban ɗa. Ni zan zuba mata giyar farko duk shekara. In kika kai ta can, a gaban wa zan durƙusa? Har in mutu ba zan ga kabarinta ba."

"To ka canza katin. Safiya ɗaya ce. Ka je ka sa hannu, ka ɗauki uwarka ka kai ta gida."

"In sa hannu in ce duk abin da na koya wa yara a aji ƙarya ne?"

"Gara a yanka uwarka ke nan."

Fuskarsa ta yi ja, amma muryarsa ba ta tashi ba. "Ki iya bakinki. Ke mace ce, a gidan wasu sunanki yake. Alfarma muka yi miki da muka bar miki kaso."

Kaso. Wannan kalma ta fi komai ƙona ta. Shekara da shekaru tana kwashe kashin tsohuwa da fitsarinta, babu wanda ya zo ya ce a ba shi kasonsa na wannan. Dusik na zuwa ranar Lahadi da jarida, ya zauna ya yi wa mara lafiya bayanin siyasa. Manho na aiko 'ya'yan itace a kwali ta hannun mai kai saƙo. Yau ga su da tuluna, kowa ya zo ɗiba.

"Mun riga mun yi magana, Yaya," in ji Manho. "Kowa ya samu, babu wanda aka zalunta. Japanawa ma suna raba ƙashi, ba wani abu ba ne."

"Ita Bajapaniya ce?"

Manho ya juya ga farantin. Ya kai tsinkayensa ya ɗauki ƙashin haƙarƙari. Haesuk ta yar da nata ta cafke wuyan hannunsa. Hannun mai cuɗa kabeji ba wasa ba ne, Manho ya yi ƙara kaɗan, ya fizge. Ƙashin ya suɓuce, ya faɗi a kan simintin, ya farfashe ya zama gari.

Ma'aikacin ya yi saurin durƙusawa da ɗan buroshi da faranti, yana ba da haƙuri kamar shi ya yi laifin. Haesuk ta tsaya tana kallon farin garin nan a kusa da takalminta. Ƙashin ba ya jure ja-in-ja, ko kaɗan. Idan ta ci gaba, da hannunta za ta niƙe uwarta a ƙasan nan. Ta ja baya, ta jingina da bango, ta sa hannayenta a hammata don kada su sake yin wani abu.

Daga nan ta kalle su. Ba su taɓa haɗa kai a kan komai ba kamar yadda suka haɗa a kan wannan. "Ɗauki wannan, na ƙirji ne." "A'a, Yaya, kai ka fara." Manho ya kwashi ƙirji da hannaye da ɗan ƙashin maƙogwaro da Japanawa ke girmamawa. Da aka zo kan ƙoƙon kai, ya yi faɗi ga tsinkayen mutum ɗaya, sai suka kama shi su biyu, ɗaya ta nan ɗaya ta can, suka ɗaga a tare, suka sa shi a tulun Dusik ba tare da ya ko girgiza ba. Har Dusik ya ce masa, "Madalla."

Da suka gama, ma'aikacin ya dubi Haesuk, ya nuna tokar da ta rage a farantin da garin da ya share daga ƙasa. Ta gyaɗa kai. Ya juye mata su a tulunta. Ko da hakan bai wuce rabi ba sosai, sai da ta cusa farin ƙyalle a sama don kada ƙasusuwan su riƙa motsi a hanya.

Ba ta je cin abincin bayan jana'iza ba. An ce 'yan'uwan sun zauna kusa da juna, an ce kafin a tashi sun sake ɓatawa a kan wani abu da aka nuna a talabijin. Oho. Ita ta rufe rumfarta, ta ɗaure tulun a zane, ta hau jirgi da shi a kan cinya.

A ƙauyen, wanda ya tarbe ta Kawu Dalsu ne, ƙanin mahaifiyarta, wanda aka bari yana goye a bayan wata inna ranar da tsohuwa ta gudu. Yanzu ya tanƙware, yana dogara sanda. Ya riga ya sa an yanke ciyawar gonar, an buɗe ɓangare ɗaya na katangar baƙin dutse da ta kewaye kabarin uwarsu, an haƙa rami a gefensa, dogo, daidai tsawon mutum. Dangi sun taru, mata suna leƙen Haesuk suna raɗa. Ta gaishe su da harshen gida iyakar iyawarta, wata ta yi dariya ta ce, "'Yar Japan ce, ji yadda take tauna magana." A Osaka 'yar Koriya, a nan 'yar Japan. Ta haɗiye.

Kawu Dalsu ya sa aka shimfiɗa katako a bakin ramin, aka rufe shi da farar takarda. Haka ake yi wa wanda ya dawo daga nesa: a fito da ƙasusuwansa a jera su bisa katako yadda Mahalicci ya jera su, kai a sama, ƙafa a ƙasa, a naɗe, sannan a saukar. Ya durƙusa da ƙyar, ya wanke hannu da giyar shinkafa, ya karɓi tulun. Yana ɗagawa ya tsaya. Ya ɗan jijjiga shi a hannu. Ya dubi Haesuk, sannan ya buɗe.

Ya ciro ƙyallen. Ya fara jerawa. Ƙugu, cinya, gwiwa, ƙwauri, 'yan yatsu. Ya sake zura hannu ya lalubo, babu sai toka. Rabin takardar na sama yana nan fari, iska tana ɗaga gefensa. Raɗar mata ta tsaya.

"Ina sauranta?"

"Ƙirji da hannu suna Nara, Kawu. Wajen auta."

"Da wane suna a kan dutsen?"

"Tomita."

Tsohon ya motsa baki yana gwada sunan, bai iya ba, ya bari. "Kan fa?"

"Yana kan kantar gidan ibada a Osaka. Yaya ya ce sai ƙasa ta haɗe."

Wani daga baya ya yi tsaki, ya ce dama an ce babban ɗan na 'yan Arewa ne, ga irinta nan. Wata ta ce a'a, ai ƙaramin ya fi lalacewa. Nan da nan suka rabu biyu a bakin ramin, kowa da wanda yake zagi, murya na hawa. Kawu Dalsu ya buga sandarsa a dutse, suka yi shiru.

Ya daɗe yana kallon katakon. Bisa al'ada, kafin a saukar da sabon mamaci sai an zuba wa tsohon kabarin giya, an sanar da mai shi wanda ya zo. Ya tsiyaya giyar a kofi, ya juya ga tudun kabarin uwarsa, ya buɗe baki, ya rufe.

"Tun ina yaro nake zuwa nan ina ce mata Gapsun za ta dawo," ya ce. "Yanzu wa zan ce mata ya zo? Da me za ta gane ta?"

Haesuk ta durƙusa a gefen katakon. Ta so ta ce ta yi iyakar ƙoƙarinta, ta so ta ce ba ita ba ce, amma wa za ta gaya wa? Kunnen da zai ji yana can ƙetaren teku. Ta miƙa hannu ta gyara ƙashin gwiwar hagu da ya karkace.

"Ka saukar da ita haka, Kawu," ta ce. "Abin da aka ba ni ke nan."

Ramin ya yi wa abin da aka naɗe yawa. Masu haƙa suka dubi juna, sannan suka ɗauki shebur, suka fara cike ɓangaren kai da ƙasa.